Injiniya Ya Tafi Sama a Tankin Ruwa

"Ni da kuke ganina, ba mutumin ƙasa ba ne," in ji Injiniya, yana riƙe da bokiti da soso, shi ne na tara a layin banɗaki. "Duniya ta cika maƙil. Maganin ɗaya ne: a kwashi rabin jama'a a kai su duniyar wata, waɗanda suka rage su miƙe ƙafa."

Kada sunan ya ruɗe ka, abokina. Mai walda ne, shi ya raɗa wa kansa. Ƙofar da ya haɗa, in ta rufu ba ta buɗuwa, in ta buɗu sai an tokare ta da dutse. Gidan hayar da yake ciki kuwa ɗaki goma sha biyu, banɗaki ɗaya. Shi da matarsa da 'ya'ya biyar da tarkacen ƙarafunansa duk a ɗaki guda, in ɗaya zai juya sai ya yi sanarwa.

A makon ne wani ya tashi, ɗakin kusa da su ya zama babu kowa. Mai gidan ya ce ranar Asabar zai bai wa wanda ya fi matsuwa. Masu nema biyu ne, Injiniya da Tela.

Tela na bayansa a layi, ya ce, "Kai da ko ɗauke wuta aka yi sai ka fito tsakar gida kana fifita, kai ne za ka zauna a cikin gwangwani a sama?"

"Kwana uku zan yi a rufe, ɗan zare! Ka zo ka ga kimiyya."

Matar Injiniya ta ja shi gefe. "Baban yara, don Allah bar zancen duniyar watan nan, je ka gaida mai gida. Ɗaki muke nema."

"Ke, in na sauko shi zai kawo min makulli har ƙofa, yana rusunawa."

Ya ari tsanin wani mai fenti, ya hau rufin gidan, ya samu tsohon tankin ruwa na ƙarfe, ya yanka masa ƙofa, ya huda tagar da ba ta fi tafin hannu ba. Ya kwashe ƙarafunansa kaf ya hau da su, wai kayan bincike. Ranar Laraba da hantsi ya ɗaga wa jama'a hannu, ya shige, ya ja ƙofa garam.

Kafin azahar rana ta kama tanki. Gogan naka ya cire riga, ya cire wando, ya shanye ruwan kwana uku a zama ɗaya. Da ruwan ya nemi hanyar fita, sannan ya tuna jirgin nasa ba banɗaki. Ya tura ƙofa. Ƙofa ta ce aikin wa ka sani?

"Jama'a! A kawo ɗauki!"

Tela ya leƙo daga ƙasa. "Wa nake ji kamar daga wata? Yaya iskar can, Injiniya?"

"Tsani, don girman Allah!"

"Mai fenti ya karɓi abinsa, ya tafi aiki bayan gari. Sai jibi."

Kwana biyu ana miƙa masa ruwa da burodi a bakin dogon gora, ta 'yar tagar nan. Ranar Juma'a tsani ya dawo, aka kira wani mai waldan, abokin gabarsa, ya yanke tankin yana dariya har da hawaye. Aka sauko da ɗan sama jannati daga shi sai gajeren wando, ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar ƙusar da aka zare daga katako. Warin kuwa, kaji ma sun ba shi hanya.

Ya tarar da mai gida a tsakar gida, ya gyara tsayuwa. "Baba, ka ga gwaji."

"Na gani, ɗana, kuma ka yi gaskiya. Jiya na leƙa ɗakinku. Tunda aka harba ka sama da ƙarafunanka, yara na kwance ɗai-ɗai, har da wurin shimfiɗa tabarmar baƙo. Ku ba ku da matsi. Tela, ba sai gobe Asabar ba, ungo makulli."

Injiniya ya juya wajen matarsa. "Maman yara, yanzu yaya za mu yi?"

Ta dube shi, ta dubi ɗakin, sannan ta ɗaga murya.

"Mai fenti, dakata, kar ka tafi da tsanin nan. Komawa zai yi."