Rasuwar Kawu, Littafin Yanka na Ɗakin Ɗinki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ɗinkinta yana neman warwarewa, ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen zane da ɗinkin tufafi suna sanar da 'yan'uwa da abokan almakashi rasuwar babban littafinsu na awo da yanka, wanda kowa ya sani da Kawu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin yanka, kusa da taga, a hannun Auta, ƙaramar ajin, wadda ta fi kowa ƙaunarsa, wadda kuma, idan za a faɗi gaskiya, ita ce ta ƙarasa shi.

Babu wanda ya san sunansa na yanka. Bangonsa da shafinsa na farko sun riga shi tafiya tun kafin a haifi Auta, saboda haka ba a san wanda ya rubuta shi ba, ba a san shekarunsa ba. An dai san shafi ɗari uku da goma sha biyu ne da shi, kuma idan aka ajiye shi a tebur sai ya ce “dim”, duk allurai su yi tsalle a cikin gwangwaninsu.

Marigayin dattijo ne mai haƙuri. An tambaye shi yadda ake kwala sau dubu, bai taɓa cewa ai jiya ya faɗa ba. Shi ya koya wa mutane cewa siliki maƙaryaci ne, yana zamewa daga ƙarƙashin almakashi, karammiski kuma yana da gaba da baya kamar gashin kyanwa, wanda ya juya shi zai ga riga ɗaya mai kala biyu. An tokare ƙofa da shi, an danne yadi da shi, wata ta taɓa yin matashi da shi har zanen aljihu ya fito mata a kumatu. Bai yi ƙorafi ba. Iyakarsa idan an buɗe shi ya ce “ƙaras”, kamar gwiwar tsoho.

Amma abin da ya sa Auta ta mutu a kansa shi ne gefen shafukansa. Ɗaliban da suka wuce sun cika su da rubutun fensir: wannan ya gyara lissafi, wancan ya yi gargaɗi, wata ta zana zuciya kusa da darasin zif, ba ta faɗi dalili ba. Auta ta karanta littattafan soyayya fiye da yadda mahaifiyarta ta sani, amma takan ce babu wasiƙar da ta taɓa ratsa ta kamar ta shafi na ɗari da tara, inda ake bayanin haɗa hannun riga da jikinta. A nan maɗaba'a ta yi kuskuren awo, sai wani bawan Allah ya ja layi ya rubuta da fensir yawan sakin da za a ƙara a hammata, ya bi da cewa, “ko ka yi kuka.” Shekara uku Auta ba ta taɓa yanka hannun riga ba sai Kawu yana buɗe a gefenta. Ba ta haddace lambar ba. Wa yake haddace abin da kullum yana gabansa?

Jinyar ta daɗe. Ƙashin bayansa ne ya fara saki. An ba shi gam, an naɗe shi da salatif har ya fi kama da kayan aike. Ranar Litinin shafi uku suka faɗo lokaci ɗaya, Auta ta rungume shi, ta yi abin da duk tela yake yi idan ya ga abu ya rabu: ta kai shi keken ɗinki. Ta zaɓi zare mai ƙarfi, ta sa ɗinki mafi ƙanƙanta domin ya yi ƙwari, ta bi shi kashi-kashi da ladabi. Ɗinkin ya miƙe sak, ko a jarrabawa ba ta taɓa yin irinsa ba. Abin da ƙauna ta hana ta tunawa shi ne takarda ba yadi ba ce. Allura ta jera masa ƙananan ramuka, irin waɗanda ake yi wa takarda domin ta yi sauƙin yagewa.

Washegari da ta buɗe shi, Kawu ya ce “kyat”. Ta juya, ya sake cewa “kyat”. Waɗannan su ne kalamansa na ƙarshe. Fanka ta kwashi shafukan ta watsa a ɗaki, na ɗari da tara ya faɗa bokitin ruwan da ake yayyafa wa kayan guga. Aminiyar Auta, wadda ake kira Sarauniyar Guga, ta zabura ta tsamo shi, ta yi masa maganin da ta iya. Dutsen gugar da ta ɗora masa ya yi zafi da yawa. Ya bar hotonsa baƙi ƙirin daidai kan rubutun fensir, babu abin da ya tsira sai kalmar “kuka”.

Ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha huɗu, dukkansu daga injin kwafi. Suna kama da shi, sai dai babu wanda ya gaji fensir ɗin, domin injin bai gan shi ba. Duk wanda ya bi su zai ɗinka rigar da mai ita ba zai iya ɗaga hannu ya gaida mutane ba. A babin launi kuwa, ja da kore duk toka-toka suka fito. Ya bar jikoki barkatai a wayoyi, kowanne da babban yatsan wanda ya ɗauke shi. Ya bar maƙwabtansa na kanta, mujallun ado, masu nuna riga ta gama haɗuwa ba tare da sun faɗi wahalar da aka sha ba. Akwai kuma dangin nesa masu bidiyo, waɗanda suke surutu minti ashirin, idan an zo haɗa hannu sai su sa kiɗa su yi sauri.

Ya kuma bar Auta, da jarrabawar ƙarshe ranar Litinin mai zuwa, inda za a ba ta yadi da alli da almakashi, a ce ta fitar da riga mai dogon hannu. Tana tuna karkatar rubutun, tana tuna tabon shayin da ke ƙasansa. Lambar ce ta ƙi zuwa. Rabin inci ne ko inci guda? Ta tambayi 'yan ajin, aka rabu gida biyu har aka kusa dambe. Ta je wurin Malama, mai koyar da su yanka, da idanu jajur, ta durƙusa, ta yi ta'aziyya, sannan ta lallaɓa ta kawo tambayar. Malama ta dube ta ta saman tabarau ta ce, “Ina cikin makoki, 'yata. Ba na maganar inci.”

Za a kai marigayin makwancinsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a durowar ƙasa ta kabad ɗin Malama, cikin jakar auduga da aka ɗinka da hannu, domin an hana keke halarta. Ana roƙon duk wanda ya taɓa cire shafi da niyyar mayarwa ya zo da shi, ba za a tambayi kowa komai ba. An ɗora wa Sarauniyar Guga rabon ruwan sha, a can nesa da soket.

Bayan an rufe durowa, Auta za ta hau teburin yanka ita kaɗai, babu littafi a gefenta. Za ta fitar da riga ɗaya: hannun dama da sakin rabin inci, na hagu da inci guda. Ana neman mai faɗin kafaɗa daga cikin masu makoki ya saka ta, ya ɗaga hannuwansa biyu sama a gaban jama'a. Hannun da ya zauna lafiya, shi ne wasiyyar Kawu. Idan duka biyun suka fashe, za a ci gaba da karɓar gaisuwa har zuwa safiyar Litinin.