Mai Zungurin Tsoho a Sahu

"Lahiya lau, tsoho! Na ce lahiya lau! Ina jiki?"

Sau uku ke nan ina maimaita wa kakana, Malam Alƙasum, gaisuwa a ɗakinsa da ke bakin zaure a Tawa. Kunnensa na dama ya mutu tun bara. Na hagu saura ɗan kaɗan, kuma duk gidan muryata kaɗai ke shigarsa, in na durƙusa dab da shi na kwarara ihu. Wata la'asar bai ji kabbarar liman ba, ya yi ta zama cikin sujada har Sidi mahauci ya zaci rai ya yi halinsa, ya yanke salla ya tallabo shi yana salati. Tun ranar tsoho ya kulle kansa ɗaki, ga rama, ga jiri, ga mantuwa. Ni na jawo shi waje. Nakan tsaya hagunsa a sahu, liman na yin kabbara in zungure shi da gwiwar hannu. Yau na zo kai shi azahar, da wata magana a bakina.

"Jiki da sauƙi kahin ka shigo," in ji shi. "Allah ya rufe min kunne ga kowa, ya bar min ƙofa guda, sai jaki ya tsaya bakinta."

"Jakin nan shi ka kai ka masallaci, gyara bakinka."

"Kai ka kai ni? Kai da ba ka san alƙibla ba sai da na kurumce! Shekara ashirin da biyu, ni ne sanadin goshinka ya taɓa ƙasa."

"To ka raba min ladan."

"Ladan mi? Dubi haƙarƙarina. Cewa anka yi ka taɓa ni, ba ka soke ni ba. Jiya a ruku'u saura kaɗan in gaida ƙasa da hanci."

"Jirinka na, ba ni ba. Ka sha maganin tansiyo yau, na hawan jinin?"

"Na sha."

Na ɗaga matashinsa. Ƙwayoyin kwana uku na kwance a ƙarƙashi.

"Matashi ka ba wa? Ai kuwa shi ya hi ka ƙiba."

"Mantawa na yi." Bai yi dariya ba. "Da, in kakarka Raƙiya ta ce min abu sau guda sai ya zauna. Yanzu bakinta kawai nika gani yana motsi."

"Ai shi ya sa matata Raƙiya ta ce ta gaji da kai. Ni taka so, ni da ka jin kiranta."

"Ɗauke ta. Shekara hamsin ina roƙon ta yi shiru, ga shi an amsa min fiye da yadda na roƙa." Ya dafa kansa. "Kuma shirun ma ban samu ba, Abdurazak. Kamar injin niƙa anka dasa min ciki, dare da rana."

"Lokotoron asibiti ya ce zaman ɗaki ya hi ciwon kunnen cin mutum. Ya ce ka shiga mutane, in ba haka ba kai ma sai ya fara tahiya."

"In shiga mutane in yi mi? Su yi dariya in yi dariya, ban san ko da ni aka yi ba? Zubairu da munka yi shekara arba'in muna hira a gindin iccen bedi, yanzu hannu yaka ɗaga min daga nesa kamar direba."

Na sa baki a kunnensa.

"Tsoho, ranar Lahadi..."

"Na gani. Kurma nike, ba makaho ba. Na ga sabuwar jaka a ɗakin uwarka. Abijan ko?"

"Abijan. Abokina Salisu ya samo min wurin tura kaya a kasuwa."

"Masha Allah. Lakwal ta kore ka daga aji, gona ta kore ka, kabu-kabu ka kada mai ciki. Saura mutanen Abijan su ɗanɗana."

"Zan dawo maka da na'urar kunne, irin wadda lokotoro ya ce sai Yamai."

"Ka dawo da ita ka liƙa wa kushewata, in ji masu gulmata."

"Daina wagga magana. Na yi shawara da Zubairu, shi zai riƙa tsayawa kusa da kai."

"Zubairu mai makyarkyata? Hannunsa rawa yakai tun daga niyya har sallama. In na bi shi sai in yi raka'a sittin a azahar."

Na fashe da dariya, shi ma ya taya ni, har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Salla ko a ɗaki ana yi. Amma wa zai zage ni in ji? Kowa lallaɓa ni yakai da hannu, kamar jinjiri."

"To in fasa?"

"Ka fasa ka zauna gadin kunne guda, shi ma rabi? Kahin damina zai rufe, ina jin shi yana ja. Sai mu zauna mu biyu, ni ba ji, kai ba aiki. Tahi."

Ya laluba bayan shimfiɗa ya jawo radiyonsa, wanda tun ina rarrafe ko taɓa shi na yi sai na sha ranƙwashi. Ya goge shi da bakin riga ya ɗora min a cinya.

"Ungo. Ka ci ni, ɗan banza. Ku tahi ku biyu, masu surutun wofi."

Yana dariya ya faɗa. Can waje ladan ya ɗaga murya, tsoho bai ko motsa ba. Na zungure shi da gwiwar hannu.

"A hankali, jaki," ya ce, yana neman takalminsa. "Saura maka kwana uku, kada ka ƙare haƙarƙarin yau."