Ranar da Na Zaɓa wa Akawal Linzami

Shekarar da cinikin goro ya karɓe ni a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, na sayi wani ƙaton baƙin doki wurin masu koro shanu daga Arewa, na sa masa suna Akawal. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, duk rayuwata jaki kaɗai na taɓa hawa.

Da na je sayen linzami, Malam Tanko maƙeri ya miƙo mini wani mummunan linzami mai nauyi. Ya ce, "Maigida, dokin nan bakinsa da ƙarfi, wannan ne zai tsayar da shi."

Na ture shi, na ɗauki wani siriri mai adon tagulla. Na ce, "Malam, mu a kan sirdi aka yaye mu." Ya dube ni, ya ci gaba da zuga wutarsa.

Ranar Juma'a na sha farar riga, na hau, Yarabawa suna kallo. Sai ga garke an koro ta hanyar Mokola. Akawal ya ji kukan shanu, ya tuna tsohon aikinsa, ya zabura. Na ja linzami da hannu biyu, har da salati, ko a jikinsa. A kan kwana ya yi dama, ni kuwa na zarce cikin kwatarniyar manja ta wata Bayarabiya.

Tana kuka tana cewa, "Pele o!" Har yau ban sani ba ko ni take yi wa jaje ko manjan.

Yanzu na yi furfura, amma ko tuwo na zauna ci, sai wani ya turo mini miya ya ce, "Sarkin Dawaki, a ƙara manja?"