Ƙwayar da Farfesan Jini Ya Gano

Kowa na iya zamewa ya faɗa kwata, amma Farfesan Jini kaɗai ke faɗawa hannu a sama, yana kare gilashin gwaji, yana ihu, "Ku bar ƙafar, ku ceci ilimi!" Aka ciro shi, farar rigar ta koma baƙa, ilimi kuwa ko ƙwarzane.

Allah ya yi wa layinmu baiwa da wannan maƙwabci. Aikinsa a asibiti shafa jini a gilashi da leƙa madubin awo, mai nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani. Tun da aka tura shi wani ɗan kwas, ya daina ganin mutane, sai ƙwayoyi.

"Fararen ƙwayoyin jini sojoji ne," in ji shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. "Akwai monosait, gida uku ne, masu haɗiye cuta da masu sintiri da 'yan tsakani. Akwai dandiritik mai rassa, ita ke ɗaukar labarin maƙiyi ta kai gaba."

Mai shago, da ba ya barin kwano da saura, ya zama Monosait. Gwaggon matar Farfesa, da ke rigan rediyo jin labari, ta zama Dandiritik. Ta ɗauka yabo ne, har ta sa masa albarka.

To, kujerar shugaban ɗakin gwaji ta zama babu kowa a kai, Farfesa kuma ya ƙyalla ido. Ana haka ya hango wata ƙwaya mai rassa da babu ita a littafi. Ya duba jinin tela, tana nan. Jinin mai shago, tana nan. Kusurwa ɗaya, ba ta ko gusawa.

"Ka kai ta injin da ke tantance su mana, maigida," in ji matarsa.

"Inji? Idona ya haifi inji!"

Ya raɗa wa ƙwayar sunansa. Ya sa tela ya rubuta "Shugaba" a aljihun sabuwar riga. Gwaggo Dandiritik ta kai labari har bayan gari. Wanda bai iya rawa ba ma ya sayi ganga.

Ranar tantancewa, babbar likita ta leƙa madubin. Ta murza bakin madubin hagu, ƙwayar ta bi hagu. Ta murza dama, ta bi dama. Ta zare gilashin jinin gaba ɗaya, baiwar Allah tana nan daram. Sai ta ɗauki auduga ta goge bakin madubin. Shi ke nan, bincike ya bi kwandon shara, kujera ta bi wani.

Da yamma ya shigo layi, jakarsa a manne da aljihun rigar. Mai shago ya miƙe har da rusunawa.

"Ranka ya daɗe, ashe ƙura ce?"

Farfesa ya gyara tabarau.

"Ƙura ce. Amma likita nawa suka leƙa madubin nan ba su gan ta ba? Ni na gano ta!"