Yadda Ake Neman Aure da Rawar Dashen Albasa

Kai da bakinka ke nauyi a gaban surukai, matso kusa. Hanyar nan ni na gwada ta da kaina a Aliero, shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. Bi ta yadda na tsara, na yi maka alkawari cikin wata uku babu wanda ba zai san fuskarka ba daga Jega har Maiyama.

1. Samo suruki mai shakka

Nawa Baba Tamu ne, mahaifin Safiya, wanda albasarsa ke cika mota. Bai hana ni ita ba. Cewa kawai ya yi malamin firamare alli ya sani, bai san ƙasa ba, sai ya ga hannuna a lambu tukuna. Kada ka je lambun. Zuwa lambu aikin marasa dabara ne.

2. Tafi Jega neman ilimi

Shiga gidan kallon bidiyo ka zuba wa fim ɗin Indiya ido. Za ka lura jarumi ba ƙaiƙayin ƙafa ke sa shi rawa ba. Sai magana ta fi ƙarfin bakinsa yake miƙewa, kafin a gama kiɗa kuwa uban yarinya ya yi laushi. Ni fim uku na kalla na zama gwani.

3. Shirya wasan murnar sabuwar jiha

Kai ne marubuci, kai ne jarumi. Ba mai barin 'yarsa ta hau dandamali, don haka ɗaura wa abokinka zane da kallabi. Ni abokina Mu'azu na ɗaura wa, mutumin da tun tashinsa a fadama yake. A lokacin ban ga laifin hakan ba.

4. Ƙirƙiri rawar da za ta yi maka magana

Tawa dashen albasa ce: ka duƙa, ka soka yatsa a ƙasa, ka dasa, ka ja da baya, duk a kan kalangu. Buɗe hannu sosai, don dandamali faɗi yake so. Idan abokinka ya ce ba haka ake yi ba, tuna masa waye ya kalli fim uku.

5. Ajiye wa suruki kujerar gaba

Kira mai ɗaukar bidiyon biki daga Birnin Kebbi. Bayan la'asar, filin makaranta ya cika da manoma, sai ka saki jiki. Ni har na ji ƙwalla don daɗi, domin wurin ya yi tsit, kowa ƙasa yake kallo.

6. Karɓi yabo cikin ladabi

Da aka tashi na durƙusa gaban Baba Tamu, ina fargabar ya ce rawa zubar da mutunci ce. Rawar ba ta dame shi ba ko kaɗan.

"Malam," in ji shi, "albasa kaka dasawa ko mangwaro? Kamu guda tsakanin iri da iri?"

Na ce, "Baba, ai salon wasa ne."

"Awo. To waccan mai kallabi hwa, ɗiyar wa ta? Yatsa huɗu taka bari, ba ta kuskure ko guda ba."

Aka ce masa Mu'azu ne. Ya jinjina kai, ya tambayi gidansu.

7. Bar kaset ya yi sauran aikin

Nawa ya zaga har Mungadi. Wani malamin gona yana nuna shi, yana tsayar da hoto daidai inda na buɗe hannu, ya ce wa manoma kada su yi haka. Ciwon abin ya daɗe a raina, ba zan ɓoye maka ba.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da ƙafafunka, babu hannun marubuci. Mai ƙorafi ya same ni a makaranta, ina aji huɗu, ina koya wa ɗan Safiya da Mu'azu awon tazara da rula.