Ranar Da Na Shafa Wa Kifi Humra

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranaku. Ranar ce mutanen Kano suka zo neman auren jikata Falmata, a gidan ɗana Modu da ke unguwar Mairi, nan Borno.

Shi Modu yana da akwatin gilashi a falonsa, cike da ruwa da kifaye bakwai, ja da ruwan gwal. Ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai. (Ni da na tashi a kan banda da miyar kuka, na daɗe ina jinjina wannan lamari.) Yana ji da su kamar 'ya'ya. Da zai fita taryen baƙi da hantsi ya ce, "Iya, don Allah kar kowa ya taɓa ruwan nan."

To, ni duk unguwarmu ta Umarari an san tsaftata. Tukunyata madubi ce. Na dubi akwati na ga kore-kore a jikin gilashi, na sunsuna na ji ƙarni. Surukai za su shigo gidan Barebari su shaƙi ƙarni? Ba ina raye ba.

Yagana, matar Modu, tana can kicin tana fama da burabusko. Na kwashe kifaye a roba, na zubar da ruwan kaf. Na wanke gilashi da garin sabulu. Wani soso da ke jikin ɗan injin da ke hura kumfa, ya yi baƙi ƙirin, na dirje shi sai da ya yi fari tas. Na cika da sabon ruwan famfo, na mayar da su. Sannan, jama'a, na ciro kwalbar humrata ta biki, na ɗiga sau uku. Da bisimilla ma.

Baƙi suka zauna, aka gaisa, ana ta yaba ƙamshin gida, ina ta kumbura kamar alkaki a zuma. Sai gwaggon ango ta leƙa akwati.

"Hajiya, kifin naku a rigingine suke barci?"

Na ce, ban ko duba ba, "Haka namu na Borno suke hutawa."

Modu ya waiwaya. Uku sun juya ciki sama, huɗu suna haki a bakin ruwa. Ya tsoma yatsa ya sunsuna, ya dube ni.

"Iya... humra?"

"Ɗigo uku ne kacal, ɗan nan."

Yagana, Allah ya yi mata albarka, ta ruga ta kawo ruwan da Modu ke ajiye wa kifin a duro har ya kwana biyu. Kawun ango da babbar rigarsa shi ya riƙe roba, gwaggo ta kwaso su da matatar shayi. Shida suka farfaɗo. Babban, mai jela kamar mayafi, ya riga mu gidan gaskiya yana ƙamshi.

A gaban surukai Modu ya karantar da ni, murya ƙasa-ƙasa. Wai ruwan famfo akwai magani, sai ya huce. Wai ba a sauya ruwa duka, kashi ɗaya cikin uku ake ɗiba. Wai baƙin soson nan gidan wasu halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi, ni kuwa na yi musu wankan gawa.

Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran a ce an fasa. Sai gwaggo ta fashe da dariya har da hawaye.

"Gidan da kifi ma ke shafa humra, ina ga amarya? Mun gani, muna so!"

An ɗaura aure bayan Sallah. Har yau idan Falmata ta kira ni daga Kano, sai ta ce, "Kaka, a aiko wa kifi turaren wuta?"

Na haura saba'in kafin na gane kowa da irin tsaftarsa. Yanzu idan na je Mairi, daga nesa nake gaida shidan nan, hannuwana a baya.