Mai Girma a Ƙarƙashin Daɓena

Ranar da aka buɗe sabon titin layinmu a Fagge, gidana ya koma rami.

Ban ce an yi mugunta ba. Aiki aka yi, na gani da idona. Sai dai masu hikimar da ke sama ba sa kankare tsohuwar kwalta, sabuwa suke shimfiɗawa a kanta. Kowane Mai Girma ya zo ya ɗora tasa, titi ya ƙara tudu, mu mu ƙara nitsewa. Lokacin da muka tare da matata marigayiya Zara, hawa muke yi mu shiga gida. Yanzu sauka nake yi, ina dafa bango. Kwatar da aka gina ta fi ƙofata tsawo, ruwa kuwa bai yi karatun injiniya ba, gangare kawai ya sani.

Da damina ta kankama, bai shigo ta ƙofa ba. Ya fi haka ladabi. Ta ƙasa ya ɓullo. Daɓe ya riƙa gumi, tabarma ta yi funfuna, littattafan da ke ƙasan kanta suka kumbura kamar waɗanda aka ba muƙami. Ni kuma na samu tari.

'Yata Jawahir ta zo daga Kaduna, ta ɗaga tabarma, ta shinshina, ta yanke hukunci.

"Baba, ko daɓen nan ya bushe, ko ka haɗa kayanka. Na riga na gyara maka ɗaki."

"A gidan suruki?"

"A gidan 'yarka. Idan na dawo na tarar da danshi, tare za mu tafi."

Halin uwarta ne sak, ba ta faɗa sau biyu.

Na kira Akeem magini, Bayaraben da aka haifa a layinmu, wanda Hausarsa ta fi ta masu karanta labarai. Ya ce sai an fasa daɓen, a cike da jar ƙasa, a shimfiɗa abin da zai tare ruwa, sannan siminti, sannan tayil.

"Baba, ba a ɗora tayil a kan gumi. Zaɓin abin shimfiɗar kawai ya rage maka."

Nan take layinmu ya cika da masana. Maƙwabcina Goni ya kawo ledar da ake naɗe dilar atamfa a kasuwar Kwari, ya rantse ba ta da na biyu. Akeem ya soka mata yatsa ya fito ta ɗaya gefen.

"Alhaji Goni, wannan ko shayi ba za ta tare ba."

Wani ya ce a shafa kwalta. Na ce kwalta ce ta jefa ni cikin wannan hali, ba zan kai ta ɗakin kwanana ba.

Ni da Akeem muka hau adaidaita sai Sabon Gari, shagon Chimezie mai kayan gini. Baƙar leda mai kauri ta ƙare. Ya dube ni, ya shiga ciki, ya jawo wani naɗi mai nauyi, irin tamfol ɗin da ake buga hotunan masu neman ƙuri'a.

"Alhaji, wannan ya kwana a rana da ruwa a saman allo tun kafin zaɓe. Ko ɗigo bai sha ba."

Muka warware. Sai ga fuskar wani Mai Girma Uban Cigaba, faɗinta daidai ɗakina, yana murmushi, kowane haƙori ya kai tayil guda. Ban yi ciniki ba. Mutumin da ƙorafin unguwa guda bai taɓa ratsa shi ba, ruwa ne zai ratsa shi?

Ranar aiki Goni ya tsaya a ƙofa yana salati.

"Malam Sammani, fuskar manya za ka riƙa takawa?"

"Kifa shi za mu yi, Goni. Ya kalli aikinsa."

Akeem ya kife shi, ya ɗaga gefunan suka hau bango, ya manne mahaɗar, aka zuba siminti. Ruwan Agusta ya zo ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Daɓe ƙayau. Jama'a, a daina zagin shugabanni. Ga wani nan yana yi mini aiki ba hutu, ba jiniya, ba taron buɗewa. Ina ba da shawara a raba sauran hotunan gida-gida a Fagge, kowa ya sami wakilinsa.

Jawahir ta dawo da manyan jakunkuna babu komai a ciki. Ta ɗaga tabarma, ta shafa tayil da tafin hannu, har kusurwa ta bi. Sannan ta ninke jakunkunan.

"To, Baba, ka yi nasara. Ka zauna da gidanka."

Na raka ta bakin titi ina taƙama kamar wanda ya ci zaɓe. Ta hau adaidaita, na buɗe baki, direba ya riga ni, ya ja suka tafi. Ba ta karanta jarida, saboda haka a nan zan ajiye maganar: Jawahir, ɗakin ya bushe, amma shirun gidan nan babu ledar da ke tare shi. Da kin ƙara tambayata sau ɗaya, da na bi ki.